Idan Yaro Mai Tamowa Ya Ƙi Murmurewa

Uwa, idan an ɗora yaronki a kan abincin gyaɗa na masu tamowa, yana ci, amma mako biyu ko uku sikeli bai nuna ƙari ba, ki roƙi ma'aikatan asibiti su duba shi ko yana da tarin fuka. Tamowa tana karya garkuwar jiki, tarin fuka kuma yana ƙara ramar da yaro, kowanne yana buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne cutar tarin fuka ba ta cika bayyana a jikin ƙananan yara ba. Wani ba ya ma tari sosai, sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da kasala, da daina wasa, wani lokaci kaluluwa a wuya. Yaro ƙarami ba ya iya fitar da majina, shi ya sa yanzu ake gwada kashinsa da na'urar GeneXpert, ko a ɗauki hoton ƙirji. Ko gwajin bai nuna komai ba, likita yana iya fara magani bisa alamomi.

Ki faɗa wa likita idan akwai babba mai tsohon tari a gida, ko kaka ce ko mahaifi, don galibi daga can yaro yake kamuwa. Kada kunya ta hana ki.

Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha kullum aƙalla wata 6, ba a dainawa don yaro ya fara kumari. Sauran yaran gidan 'yan ƙasa da shekara 5 su ma a kai su, akwai maganin rigakafi da ake ba su.