Binciken dukan mata: mu ma da namu aiki

Ƴan uwa na Abala da ƙasar Kurfai, a 2012 an yi bincike cikin Nijar. Mata wajen 60 cikin 100 suka ce akwai laifin da ya isa miji ya bugi matarsa, kamar fita ba izini ko ƙona tuwo.

Baƙo mai takarda ba ya jin maganar cikin ɗaki. In masu bincike sun zo, mai gari da liman su san da zuwansu. Ungozoma da matan gari su taya su shirya tambayoyi da Hausarmu. Amma wurin tambaya, mace ita ɗaya: ba miji, ba uwar miji, ko ungozoma ba ta zama. Wadda ba ta so, a ƙyale ta.

In sun gama, su komo Abala su karanta muna abin da suka samu, ba sunan kowa.