A saurari yaro kafin a ɗauko tsumagiya

Yaro in ya yi ɓarna, ba ya rasa abin cewa. Wani lokaci uba na cikin fushi, sai amsar yaron ta sa dariya ta kuɓuce masa.

Ƙasar Agie da Gazawa ƙasar aya ce. In an haƙe aya an shanya, yara ake sa wa tsaro. Wani manomi ya dawo ya iske ayar ta ragu, kumatun ɗansa kuma sun cika. Ya ce: "Kai, ina ayar?" Yaron ya haɗiye ya ce: "Baba, dubawa nake ko ta bushe. Har yanzu da saura."

Wani kuma awakinsa suka shiga waken maƙwabci. Da aka tsare shi sai ya ce: "Wallahi Baba na ce musu kada su shiga. Ba su jin Hausa." Wanda aka aika rijiya da safe ya dawo da azahar, shi jaki ya ɗora wa laifi. Wai jakin ne ya tsaya yana tunani.

Waɗannan, a yi dariya, a ja kunne, a wuce. Amma akwai maganar da take da labari a ƙarƙashinta.

Wata yarinya kullum bayan magariba sai ta yi tuntuɓe da ƙwarya, ko ta zubar da miya. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Yarinyar ta ce: "Inna, ni dare yana riga kowa shiga idona." Gidan duka aka yi dariya. Alhali gaskiya ta faɗa. Wannan shi ne dundumi. Rashin bitamin A ke kawo shi, kuma in aka yi sakaci yana iya kai yaro ga makanta. Bitamin A yana cikin hanta, ƙwai, man shanu, manja, mangwaro nunanne, kabewa da ganyen zogale. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ɗiga wa yara shi a baki, daga ɗan wata 6 zuwa ɗan shekara 5. Yaron da ya fara lalube da dare, a kai shi likita, kada a jira.

A ƙasar Gidan Rumji, inda Gulbin Maraɗi ya ratsa, ruwa na kwanciya a tafkuna bayan damina, yara kuma ba su ƙin wanka. Wata uwa ta ga ja a wandon ɗanta. Ya ce: "Inna, soɓorodo na sha da yawa, shi ne ya fito." Soɓorodo bai yi laifi ba. Jini ne, cutar kuma sunanta tsargiya. Ga yadda take yawo: mai ciwon ya yi fitsari cikin tafki, ƙwayayen tsutsa su ƙyanƙyashe, su shiga jikin katantanwa, su fito su huda fatar mai wanka. Wasu iyaye na cewa alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Tsargiya na rage jini, tana ɓata mafitsara, har ta taɓa ƙoda. Maganinta ƙwaya ce, kuma rana ɗaya ake shan ta.

Yaro na sakaya magana ne saboda kunya, ko tsoron duka, ko don bai san sunan abin da ke damunsa ba. In an gama dariya, uwa ta ja shi gefe, inda babu ƴan'uwansa, ta tambaye shi a hankali: "Tun yaushe? Ina ke maka ciwo? A wane tafki kuka yi wanka, kai da su wa?" Sauran yaran da ya lissafa, su ma a gaya wa iyayensu, a tafi likita tare.