Famfara da Haƙoran da Ba Su da Madadi

Jama'a, kowa ya san al'adar famfara. Yaro kan jefa haƙorinsa bisa rufin ɗaki, ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, wai sabo ba zai fito ba. Ƙadangare ba ruwansa: haƙoran yarinta 20 ne, kowanne da magajinsa.

Abin lura shi ne, wajen shekara 6 turame huɗu na manya kan tsiro can ƙuryar baki, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da dama kan zaci na yarinta ne, su bari su ruɓe, alhali ba su da madadi.

Saboda haka a sa yaro goge baki safe da dare, da asuwaki ko buroshi, a rage masa alewa. In ya yi kukan ciwo, a kai shi asibiti.