Digiri na biyu a injiniyancin kayan asibiti: ga ƙannena na Dutsin-Ma da Kurfi

Sana'ata kula da na'urorin asibiti ce, tun daga injin oksijin har kwalbar da ake saka jariri bakwaini. Matasan da suka gama digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, sukan tare ni da tambaya: wanda ya karanta fiziks ko kwamfuta zai iya shiga wannan fanni? Ƙwarai kuwa. Mafi yawanmu ta ƙofar lantarki, kanikanci ko fiziks muka shigo, daga baya muka koyi yadda jikin ɗan'adam ke aiki. Amma fa kada a haɗa shi da aikin gwajin jini ko ɗaukar hoton ƙashi. Masu waɗannan ayyuka amfani suke yi da na'ura, mu kuwa ƙera ta da auna ta da raya ta ne namu.

Wuraren karatun ba su da yawa. Jami'ar Ibadan tana da digiri na biyu a fannin. A Zariya, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da makarantar horar da masu gyaran kayan asibiti, amma difloma ake yi a can. A waje akwai Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda Allan Cormack ya fara lissafin da ya kai ga na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki, har ya sami kyautar Nobel a 1979. Mai babbar difloma yakan fara da difloma ta gaba da digiri, wato PGD, kuma a gida sai an nuna takardar bautar ƙasa. Malamin jami'a ko na kwalejin ilimi irin ta Isa Kaita yana iya neman tallafin asusun manyan makarantu na TETFund.

Abin da ya fi damuna shi ne batun da ɗalibi zai yi bincike a kai. Da yawa sukan ɗauko maudu'in da ake yayi a Turai, su gama, su dawo, ba asibiti ko ɗaya a ƙasar Katsina da zai amfana. Alhali ga matsaloli jibge a gabanmu.

Ɗauki injin oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Injin yana zuƙo ta, ya tura ta cikin wani ma'adini mai suna ziyolait da ke riƙe naitirojin, ya fitar da oksijin sama da kashi 90. Ƙurar hunturu tana toshe matatarsa, danshin damina kuma yana kashe ziyolait ɗin. Haɗarin shi ne injin ba ya yin shiru. Na taɓa auna wani a ɗakin yara na wani asibiti, ma'aikaciyar jinya tana ce mini, "Injiniya, ai lafiyarsa ƙalau, ba ka ji yana ƙara ba?" Ma'auni ya nuna abin da yake fitarwa bai fi iskar tsakar gida da yawa ba, ga yaro mai ciwon haƙarƙari an maƙala masa roba a hanci. Wanda zai ƙera matata mai jure ƙurarmu, ko ma'auni mai araha da kowane asibitin karkara zai iya saya, digirinsa ya biya kuɗinsa.

Haka ma wuta. Kayan gudummawa daga Amurka an gina su ne kan bolt 120, tamu kuwa 230 ce, ga hawa da sauka, ga janareto. Jonawa ɗaya, an tafi da su sito.

Kada a ce irin wannan bincike ƙarami ne. Farfesa Hippolite Amadi, ɗan Najeriya da ke Kwalejin Imperial ta Landan, ya shafe shekaru yana farfaɗo da matattun kwalaben jarirai a asibitocinmu, kuma na'urorin taimakon numfashin jarirai da ya ƙera ne suka ba shi kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2023, dala 100,000.

Kafin ka biya kuɗin fom, je sashen da kake son shiga da ƙafarka. Nemi a nuna maka ɗakin gwaji, ka tambayi asibitin da ɗalibai ke zuwa aikin hannu, da wanda zai duba bincikenka. In hali ya yi, roƙi sashen gyara na asibiti mafi kusa da kai su bar ka ka riƙe musu sukudireba na 'yan watanni, da littafinka a aljihu kana rubuta abin da ya fi lalacewa da dalilinsa.