Auta Ya Zaɓi Ƙungiyarsa

A birnin Dutse, can gindin duwatsun Garu inda itatuwan dabino suke da yawa, akwai wani yaro ɗan shekara goma, yana aji huɗu a makarantar firamare. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, saboda haka kowa Auta yake kiransa. Yaro ne mai ladabi, ba shi da ƙiwuya, in kuwa ana tamaula da yamma ba a barinsa a baya. Abu guda ne ya dame shi, watau ba shi da ƙungiyar ƙwallo wadda zai ce ita ce tasa.

Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne wurin yaran Dutse. Kowace Litinin, da an tashi tara, sai su taru gindin darbejiya suna labarin wasannin da aka yi ran Asabar da Lahadi. Kowane yaro yana da ƙungiyarsa. In ta ci ya yi ta tsalle, in an ci ta a yi masa ba'a ya haƙura. Auta dai sai ya saurara tukuna, ya ji wadda ta yi nasara, sa'an nan ya ce ai ita ce tasa. Wannan mako yana Arsenal, mako mai zuwa yana Chelsea, na gaba kuma ya koma Real Madrid. Ba a daɗe ba yara suka gane shi, suka sa masa suna Hawainiya. Har babban abokinsa, wanda suke zama benci ɗaya, ya ce masa, “Ni na daina labarin ƙwallo da kai. Kullum kai ne mai dariya, ba a taɓa yi maka.”

A gida ma bai sami sauƙi ba. Yayyensa biyu maza suna ta jansa, kowa na so ya bi shi. Babban ɗan Arsenal ne, mai bi masa kuwa ɗan Chelsea. Wannan ya ce zai ba shi tsohuwar rigarsa ja, wancan ya ce zai saya masa shuɗiya sabuwa a kasuwar Shuwarin. Auta ya rasa ta cewa, gama ba ya so ya ɓata wa ko ɗayansu rai.

Ran nan bayan la'asar, sai ya tafi shagon kawunsa. Kawun nan tela ne, dattijo mai yawan sauraron rediyo, tun yana saurayi yake bin labarin ƙwallo. Auta ya gaishe shi, ya zauna a kan buhun ƙyalle ya yi zugum. Kawu ya dube shi ya ce, “Auta, lafiya? Yau ba ka taɓa mini almakashi ba.”

Auta ya kwashe labari duka ya gaya masa, har da sunan da aka sa masa. Ya ƙare da cewa, “Kawu, ku zaɓa mini kawai in huta.”

Kawu ya tsai da keke, ya yi murmushi, ya ce, “A'a, ɗana. In na zaɓa maka, ran da aka ci ta ni za ka zarga. Amma zan gaya maka yadda yayyenka suka sami nasu, domin ba daga sama suka faɗo musu ba.”

Ya ce masa a shekarar 1996 samarin Nijeriya suka tafi birnin Atlanta na Amurka, wurin wasannin Olamfik. Suka ci Burazil huɗu da uku, suka ci Ajantina uku da biyu, suka komo da lambar zinariya. Cikinsu akwai 'yan Arewa, Garba Lawal da Tijjani Babangida. Kyaftin ɗinsu kuwa wani dogo ne, Nwankwo Kanu. Da Kanu ya koma Arsenal a 1999, sai mutanen ƙasar nan da yawa suka bi shi da zuciyarsu. A kakar wasa ta 2003 zuwa 2004, yana can, Arsenal ta buga wasa 38 a gasar Firimiya ta Ingila ba wanda ya ci ta ko sau ɗaya. Haka kuma da Mikel Obi, wanda aka haifa a Jos, ya shiga Chelsea a 2006, wasu suka karkata can, har suka ga ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012.

“Ka gani,” in ji Kawu, “babban yayanka ya gaji Arsenal ne daga masu son Kanu, ƙaramin kuwa ya tashi zamanin Mikel. Kowannensu yana da dalili. Kai mene ne naka?”

Auta ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni dai ina son wadda ba a cinta.”

Kawu ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, “To, ba a halicce ta ba tukuna. Arsenal ɗin nan da ta shekara ba a ci ta ba, daga 2004 ta yi shekara ashirin ba ta sake ɗaukar wannan kofi ba. Liverpool ta ɗauka a 1990, ba ta ƙara ba sai 2020. Chelsea kuwa daga 1955 sai 2005, ka lissafa da kanka. Manchester United ma, da duk girmanta, a 1974 ta faɗa rukuni na biyu.”

Auta ya ƙirga da yatsu, ya ce, “Shekara hamsin! Magoya bayan Chelsea suka yi ta jira?”

“Suka yi ta jira. Waɗansu suna yara aka ci na farko, sai da suka yi jikoki suka ga na biyu. Ka san dabinon da ke bayan gidanku? Wanda ya dasa shi ya yi shekaru yana ban ruwa bai tsinki ko ƙwaya ɗaya ba. Da ya tuge shi a shekara ta biyu don bai yi 'ya'ya ba, me kuke ci yau da azumi?”

Yaro ya yi shiru. Can ya ce, “Kawu, ku wace ce taku?”

Nan fa dattijo ya gyara zama, gama an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce tasa ita ce Kano Pillars, wadda ake wa kirari da Sai Masu Gida. An kafa ta a 1990, sa'ad da Dutse tana cikin Jihar Kano. Sai a ran 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta. Saboda haka dattawan Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da yawa ba su ɗauki Pillars baƙuwa ba. Ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kuma ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali kofin yana hannun Al Ahly, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. A cikinta Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai, shi ne kuwa ya jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya jefa wa Aisilan biyu a ta 2018.

“Amma a 2022,” in ji Kawu, muryarsa ta yi ƙasa, “Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Kwana uku ban kunna rediyo ba. Masu kawo ɗinki suka yi ta tsokanata. Ban bar ta ba, a 2023 kuwa ta komo.”

Bai ce wa yaron ya bi Pillars ba, ko da yake duk wanda ya dubi fuskarsa ya san abin da yake so ke nan. Sai ya ce, “Kai har yanzu sakamako kake ji, ba ka taɓa kallon wasa daga fari har ƙarshe ba. Zan roƙi babanka ya bar ka mu tafi tare.”

Uban ya yarda, da sharaɗin ba za a kai shi wasan dare ba, kuma sai ya gama aikin gida na makaranta. Ran Asabar suka tafi gidan kallo. Rumfar kwano ce mai benci jere, da talabijin biyu a gaba, injin wuta yana ta ruri a waje. A hanya Kawu ya bayyana masa cewa da hunturu agogon Nijeriya yana gaba da na Ingila da awa guda, saboda haka wasan da suke farawa da ƙarfe uku, a Dutse ƙarfe huɗu ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa Turawan suna tura agogonsu gaba, sai lokaci ya zo daidai.

Auta ya ga wasa mai kyau ƙwarai, fili kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Amma ya ga waɗansu abubuwa kuma. Da aka tashi, samari biyu suka kama zage-zage har aka shiga tsakaninsu. Wani kuma ya zauna ya dafe kai, ya ƙi tashi. Auta ya tambaya ko rasuwa aka yi masa. Kawu ya ce, “Caca ya yi, ya zuba kuɗin jarinsa a kan wasan. Wannan ba ƙungiyar yake so ba, kuɗi yake so, ga shi ya rasa. Waɗancan masu faɗa kuwa maƙwabta ne, gobe in gobara ta tashi gidan ɗaya, ɗayan ne zai ɗebo ruwa. 'Yan wasan da suke faɗa a kansu ba su san akwai wani gari Dutse ba.”

Wannan magana ta ƙarshe ta tsaya wa Auta a rai. Ya kwana yana juya ta.

Bayan mako guda Kawu ya ɗauke shi a babur zuwa filin wasa na Dutse, don ya ga 'yan Jigawa Golden Stars, ƙungiyar jiharsu. Filin bai kai na talabijin kyau ba, rana kuwa tana dukan kowa. Amma nan Auta ya ji ƙarar ƙwallo a ƙafar ɗan wasa, ya ji mai tsaron gida yana yi wa 'yan baya tsawa, ya ga gumi yana zuba. Ƙwallo ta fito waje ta gangaro gabansa, ya ɗauka ya jefa wa wani ɗan wasa. Ɗan wasan ya ɗaga masa hannu ya ce, “Na gode, ƙanena.” Da Hausa ya faɗa.

Da suna komawa gida Kawu bai ɓoye masa kome ba. Ya ce, “Kada daɗin yau ya ruɗe ka. Ƙungiyar nan ta hau babbar gasar ƙasa a 2019, ta sauko a 2021. Ba ta da tarin kofuna irin na Pillars, balle na Turai. Wanda ya bi ta zai sha ba'a.”

Auta bai amsa ba. Kwana biyu yana tunani, ran na uku bayan cin tuwon dare ya ce wa yayyensa ya gode da riguna, amma shi ɗan Golden Stars ne. Suka fashe da dariya. Babban ya ce, “To, wannan ta gida ce. Ta Turai fa? Ai kowa yana da biyu.” Auta ya ce, “Yaya, bari in iya riƙon ɗaya tukuna.” Uban yana gefe yana jinsu, bai ce uffan ba, sai dai ya miƙa wa Auta ƙaramar rediyonsa.

A makaranta yara suka ce wannan ma wani launi ne na Hawainiya, ba zai kai mako ba. Aka yi sa'a, ko kuwa rashin sa'a, a ƙarshen makon nan aka ci Golden Stars. Ran Litinin yara suka taru gindin darbejiya tun kafin ya iso, suna jira su ji wace ƙungiya zai kama yau. Auta ya zo ya tsaya tsakiyarsu, zuciyarsa tana bugawa, ya ce, “An ci mu.”

Suka yi masa ca, wannan ya ja masa riga, wancan ya yi masa gwalo. Ya ji kamar ya yi kuka, amma ya daure. Da aka buga ƙararrawa za su koma aji, abokin nan nasa ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Auta, mu ma an ci mu jiya. Wa ya yi muku kuskuren, mai tsaron gida ne ko 'yan baya?” Suka shiga aji suna gardama.

Da yamma ya tafi shago ya ba Kawu labari. Dattijo ya saurara har ƙarshe yana taka keke, sa'an nan ya ce, “Madalla. Na so a ce Pillars ka kama, amma ba kome. Ran da Allah ya haɗa mu a fili, kada ka zauna kusa da ni.” Ya jawo awo daga wuyansa, ya ce, “Miƙe tsaye in gwada ka, in ɗinka maka wandon tamaula.”

Tambayoyi

1. Don me yara suka sa wa Auta suna Hawainiya?
2. Me ya sa Kawu ya ƙi zaɓa masa ƙungiya?
3. Shekara nawa Liverpool ta yi tana jiran kofi? Chelsea fa?
4. A wace shekara aka kafa Kano Pillars, a wace kuma aka yanke Jihar Jigawa?
5. In an fara wasa a Ingila da ƙarfe uku cikin watan Janairu, ƙarfe nawa ne a Dutse?
6. Rubuta layi goma a kan wata rana da aka ci ƙungiyarku, da abin da ka yi.