Faɗakarwa Ga Ma'aikatan Makarantu: Tsare Amanar Da Ke Cikin Kwamfuta

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi malamai da daraktoci da magatakardan makarantunmu na boko, tun daga ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai har Mayahi da Tasawa. Ya kuma shafi kowane uba da ke da ɗa a lakwal, domin sunan ɗansa ne ake magana a kai.

A da, rajistar ɗalibai tana cikin akwati a ofishin darakta, makullin yana aljihunsa. Wanda ya so ya taɓa ta sai ya fasa ƙofa, kuma kowa zai ga ɓarnar da safe. A yau kuwa sunayen yara da takardun haihuwarsu da makinsu na jarrabawa da lambobin wayar iyayensu sun koma cikin kwamfuta da wayar salula, ana aika su ofishin sufeton ilimi ta WhatsApp. Ɓarawon wannan akwati ba ya fasa ƙofa, ba ya barin sawu, kuma ba lalle ne yana ƙasar nan ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk abin da aka damƙa wa mutum domin ya tsare, amana ne, ko dukiya ce ko sirri. Saboda haka sakaci da waɗannan bayanai sakaci ne da amana.

Yadda ɓarna ke shigowa

Kada mu zaci ƙauyukanmu sun yi nisa da wannan fitina. A watan Mayu na 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama injuna a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta injunansu ba su ne suka faɗa. A watan Satumba na 2022 aka kutsa cikin injunan hukumar makarantun Los Anjalis, ta biyu wajen girma a Amurka. Ɓarayin suka nemi kuɗin fansa, hukumar ta ƙi biya, suka watsa bayanan a intanet, har da na lafiyar wasu ɗalibai. A watan Disamba na 2024 kuma aka kwashe bayanan miliyoyin ɗalibai da malamai daga kamfanin PowerSchool, kuma ƙofar da aka bi kalmar sirri ce guda ɗaya da aka sace.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan wurare suna da kuɗi da ƙwararru, amma ƙaramin sakaci ya kayar da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar bangonmu kuwa sananniya ce: filashi, wanda muke kira kile, da ke yawo daga kwamfutar makaranta zuwa shagon buga takardu ranar kasuwa, da waya da ake bari wurin mai caji ba a kulle ba, da saƙon ƙarya mai alkawarin kyauta.

Ƙa'idoji bakwai

Na farko, kalmar sirri. Kowane ma'aikaci ya zama yana da tasa, kada a yi tarayya a guda ɗaya, domin idan aka canza makin yaro a san wanda ya shiga. Kada ta zama 1234, ko shekarar haihuwa, ko sunan ɗa. Ya fi kyau a haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, domin tsawon kalmar shi ne ƙarfinta. Kada a rubuta ta a manna a jikin injin. Idan aka yi wa malami canjin wurin aiki, a rufe ƙofarsa a ranar da ya tafi.

Na biyu, lambar tabbatarwa. WhatsApp yakan aiko da lamba mai alƙaluma 6 ga mai waya idan za a buɗe asusunsa a wata wayar. Duk wanda ya kira ya ce a karanta masa wannan lamba, ko da ya ce daga ma'aikatar ilimi yake, ɓarawo ne. Da ita zai ƙwace asusun, ya shiga zauren malamai da sunan darakta, ya roƙi a tura masa kuɗi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, tana cikin saitin manhajar, kuma kyauta ce.

Na uku, bincike kafin dannawa. Saƙon da ya ce an ƙara albashi, ko ana rabon tallafi, ko ga sakamakon BEPC tun kafin a bayyana shi, a latsa nan, kada a latsa. A kira ofishin da aka ambata ta lambar da aka riga aka sani. Gaggawar da ke cikin saƙon ita ce tarkon.

Na huɗu, filashi. Makaranta ta keɓe nata, kada a cusa na kowa a injinta. Idan an kai shi shagon buga takardu, a bincike shi da manhajar kashe ƙwayar cuta kafin a buɗe. Wanda ya ga takardunsa sun ɓace, wasu gumaka masu ƴar kibiya sun maye gurbinsu, kada ya taɓa su, ya cire filashin ya nemi masani. Kuma takardar jarrabawa ba a barinta cikin kwamfutar shago bayan an buga, a tsaya a ga an goge ta.

Na biyar, sabuntawa. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Injin da ya tsaya a kan tsohon tsari, in ba a iya sabunta shi ba, a raba shi da intanet, a bar shi ga rubutu da lissafi.

Na shida, ajiya ta biyu. A ƙasarmu ƙura da zafi da rawar wutar lantarki sun fi ɓarawo kashe kwamfuta. A kwafi rajista da maki kowane mako a wani filashi dabam, a ajiye shi a wani ɗaki, ba cikin jaka ɗaya da injin ba. Kuma kada a yi watsi da rajistar takarda.

Na bakwai, faɗin gaskiya da wuri. Wanda ya latsa abin da bai kamata ba, ko wayarsa ta ɓata, ya sanar da darakta nan take, a canza kalmomin sirri, a gargaɗi sauran malamai. Shugabanni kuma kada su tozarta wanda ya kawo rahoto, domin idan aka kunyata na farko, na biyu zai ɓoye, ɓarnar ta yaɗu.

Haƙƙin yaro da hukuncin doka

Akwai ɓarnar da ba ta buƙatar ɓarawo. Malami ya ɗauki hoton takardar yaron da ya faɗi ya watsa domin a yi dariya, ko ya ba wani lambar wayar ɗaliba, ko ya leƙa bayanan da ba aikinsa ba ne. Wannan tonon asiri ne, kuma hoton da ya fita ba ya dawowa, yaron zai girma ya tarar da shi. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP a Yamai domin kula da ita. Haka nan doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci a kan laifuffukan intanet, ciki har da kutse cikin injin wani ba da izini ba.

Mu iyaye ma da namu nauyin. Kada mu matsa wa malami ya turo mana makin ɗan maƙwabci. Kada mu tura kuɗi domin wani ya ce zai gyara sakamakon jarrabawa daga cikin kwamfuta, mai faɗin haka ko maƙaryaci ne ko maci amana. A taron iyayen yara kuma mu tambayi darakta cikin ladabi: wa ke riƙe da kalmar sirri, kuma ina ajiya ta biyu take?

Muna kira ga kowace makaranta ta rubuta waɗannan ƙa'idoji a takarda guda, a karanta su a taron malamai na farkon shekara, kowa ya sa hannu. Ba su buƙatar kasafi, kulawa kawai suke buƙata, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya shirya mana zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.