Fadamar Gishiri, Garkuwar Garuruwan Bakin Teku

A bakin tekun gabashin Ingila akwai wata irin fadama wadda ruwan gishiri ke rufe ta idan teku ya cika, ya kuma janye ya bar ta, sau biyu kowace rana. Ba ta nomuwa, sai ciyawa mai jure gishiri ke fita cikinta. Saboda haka mutanen dā suka ɗauke ta ƙasar banza. Suka yi ta gina ganuwa suna tare ruwan, suna mai da fadamar gonaki da makiyaya.

A daren 31 ga Janairu, 1953, iska mai ƙarfi ta koro teku ya fasa ganuwoyin nan. Mutum 307 suka hallaka a Ingila, 58 daga cikinsu a tsibirin Canvey na lardin Essex. A ƙasar Holan kuwa mutum 1,836 suka rasu.

Sannu a hankali masana suka gane amfanin fadamar da aka raina. Na farko, ciyawarta tana karya ƙarfin igiyar ruwa. Wani gwaji da malaman Jami'ar Cambridge suka bayyana cikin 1914 da shekara ɗari, watau 2014, ya nuna fadama mai faɗin yadi 44 tana rage tsawon igiya da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na biyu, saiwoyin ciyawar suna riƙe taɓon da ruwa ke kawowa, har ƙasar ta riƙa tashi da kanta. Wannan babban abu ne, gama ɗumamar duniya ta sa teku ya ƙaru da wajen inci 8 daga 1900 zuwa yau. Ganuwa ba ta girma, sai an kashe kuɗi an ɗaga ta.

Don haka aka sake dabara. A tsibirin Wallasea, a Essex, an kwaso ƙasa fiye da tan miliyan 3 daga ramin jirgin ƙasa da aka haƙa ƙarƙashin birnin Landan, aka ɗaga gonakin da suka yi kwari. Cikin 2015 aka fasa ganuwar da gangan, aka bar teku ya koma inda aka kore shi, fadama ta sake fitowa.

Lardunanmu ba su da teku, amma suna da koguna masu ambaliya, kamar yadda aka gani cikin 2012 da 2022. Fadamun bakin kogi da kurminsu su ke shanye ruwa kafin ya kai gari. Ya kamata hakimi ya duba sosai kafin ya yarda a sare kurmi ko a yanka filin gida a gaɓa. Malamin hakimi kuma ya rubuta iyakar kowane hurumi cikin littafi, domin wanda ya gaji aikin ya tarar.